Darasi Na 14: Ƙwayar Rage Ƙiba Mai Tare Maiƙo, Da Abin Da Take Haifarwa

Duk wanda ya zauna da dattawan ƙasar Yawuri, tun daga Shanga har ya gangaro Yelwa da Birnin Yawuri, ya zarce Wara ta ƙasar Ngaski, zai ji daga bakinsu cewa a zamanin da suka tashi ba a lissafa ƙiba cikin cututtuka, domin kuwa Sarkawan da ke wuni suna tuƙa kwalekwale da filafili, da Gungawan da ke ban ruwan albasa da hannu, da Kambarin da ke huɗa da garma, da matan da ke kama daka da surfe tun daga assalatu, duk ba wanda jikinsa ke samun sararin da zai tara kitse. Saboda haka idan aka ga mutum ya ajiye teɓa, sai a ce hutu ya kama shi, amarya kuwa in ta yi ɓulɓul a shekararta ta fari, dangi su yaba wa mijinta cewa ya iya riƙo. Ba a kan jahilci suka gina wannan fahimta ba. A inda yunwa da zazzaɓi da tari suka saba ramar da mutane, dole cikar jiki ta zama alamar lafiya da wadata.

Amma al'amuran zaman duniya sun juya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka buɗe ta a 1969, aka kuma tayar da mutane wajen 44,000 daga tsibirai da bakin Kogin Kwara zuwa sababbin matsugunai, sannu a hankali injin jirgi ya karɓi aikin filafili, injin ban ruwa ya karɓi na ƙwarya, injin niƙa ya hutar da turmi da dutse, babur kuma ya ɗauke wa ƙafa tafiyar kasuwa. Duk waɗannan ni'imomi ne da ya wajaba a gode wa Allah a kansu, sai dai mai shago da ma'aikacin ofis da matar da ke cikin gida, waɗanda aikin ƙarfi ya ragu gare su alhali abinci bai ragu ba, sun soma gamuwa da hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa, irin waɗanda kakanninsu ba su saba ji ba. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da ƙibar da ta kai matsayin cuta, kuma adadin manya masu ita ya ninka, har ya haura, tun daga 1990.

To, a kan haka ne aka wayi gari kasuwar magani tana cin riba ta fuska biyu. Ga 'yan mata masu neman ƙwayoyin da ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe don su yi jiki, ga kuma iyayensu mata da maza masu neman abin da zai rage teɓa, kowa da tallar da ke iso masa ta waya ko ta bakin maƙwabta. Wannan darasi zai yi magana ne a kan iri guda daga cikin magungunan rage ƙiba, watau ƙwayar da ke hana maiƙo shiga jiki, domin ita ce wadda mutane suka fi ɗauka ba ta da haɗari, suna cewa ai ba ta shiga jini, a hanji kawai take aikinta.

Asalin ƙwayar da yadda take aiki

Sunan maganin, kamar yadda mai karatu zai gan shi rubuce a jikin kwali, shi ne orlistat. Kamfanin Roche na ƙasar Suwizalan ne ya ƙirƙiro shi, bayan da masanansa suka lura da wani sinadari da wata ƙwayar halitta mai zama cikin ƙasa take fitarwa, suka gyara shi ya zama magani. An halatta sayar da shi a Turai a 1998, a Amurka kuma a 1999, da sunan Xenical, kowace ƙwaya miligiram 120, ba a kuma ba da ita sai da takardar likita. Daga baya, a 2007, aka fito da mai rabin ƙarfi, miligiram 60, da sunan Alli, wadda a Amurka ake iya saye ba takarda. Yanzu kamfanoni da yawa na Indiya da wasu ƙasashe suna yin irinta da sunaye dabam-dabam, don haka abin dubawa shi ne ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban suna.

Kafin a gane aikinta, sai an san hikimar da Allah ya shirya cikin ɗan Adam. Man gyaɗa da manja da man shanu da kitsen nama, idan an ci su, ba sa iya ratsa bangon hanji su shiga jini yadda suke, domin gutsattsarinsu sun yi girma. Sai hanta ta zubo ruwan maɗaciya ya tarwatsa maiƙon ya zama ɗigo-ɗigo, sa'an nan tumbi da wata gaɓa da ke kwance a bayansa, wadda likitoci ke kira fankiriyas, su fitar da wani sinadari mai suna lifas, shi kuma ya daddatsa maiƙon ƙanana yadda hanji zai iya tsotse shi. Abin da orlistat ke yi shi ne ta manne wa wannan sinadari ta kashe masa aiki, ta yadda kimanin kashi 30 cikin 100 na maiƙon da aka ci zai wuce ba a narkar da shi ba. Mai miligiram 60 kuwa kimanin kashi 25 take tarewa. Shi ya sa ƙa'idar shanta ita ce tare da abinci, ko cikin awa guda bayansa, sau uku a yini, in kuwa mutum bai ci ba, ko ya ci abin da ba mai a cikinsa, ba a sha, don babu abin da za ta tare.

A nan akwai wata mas'ala da nake so kowane ɗalibi ya riƙe da kyau, domin a kanta yawancin masu saye suke yin asara. Wannan ƙwaya ba ta da hurumi a kan tuwo, ko shinkafa, ko gero, ko biredi, ko sukari, ba ta kuma rage yunwa, ba ta taɓa kitsen da ya riga ya taru a ciki da cinya. Alhali kuwa idan muka dubi akushinmu da adalci, mu mutanen Kabi da Allah ya hore wa shinkafa, za mu ga cewa mafi yawan abin da ke gina mana ƙiba shi ne malmalar tuwo uku a zama guda, da furar da aka cika wa sukari, da shayi mai madara da biredi da safe, da lemon kwalba a wurin biki, waɗanda duka jiki ke juya rararsu ta koma kitse ba tare da ya nemi taimakon lifas ba. Mu yi lissafi. Giram guda na mai yana ba jiki kalori 9. Wanda ke cin giram 60 na maiƙo a yini, ƙwayar za ta tare masa giram 18, watau kalori 162, kuma kwalbar lemo guda ta isa ta mayar masa da kusan duk abin da aka tare.

Abin da gwaji ya nuna

Ba daidai ba ne a ce maganin ƙarya ne, domin an gwada shi gwaji na tahakiƙi. Mafi tsawo shi ne wanda aka yi a ƙasar Suwidin, aka buga sakamakonsa a 2004, inda aka bi mutum 3,305 masu ƙiba har shekara 4, aka raba su kashi biyu, aka umarci dukansu da rage ci da motsa jiki, sa'an nan aka ba kashi ɗaya orlistat, ɗayan kuma aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta. A ƙarshen shekara ta huɗu masu shan maganin sun rage kilo 5.8, waɗancan kuwa kilo 3, watau bambancin bai cika kilo 3 ba. Fa'idar da ta fi wannan girma ita ce ta ciwon sukari, domin cikin masu shan maganin kimanin 6 cikin 100 ne ciwon ya kama, cikin waɗancan kuwa 9. Wannan alheri ne na haƙiƙa ga wanda ke bakin kamuwa da ciwon, ban kuwa raina shi ba. Amma wajen rabin masu shan maganin ba su kai ƙarshen gwajin ba, kuma sananne ne cewa wanda ya daina sha ya koma cinsa na da, ƙibarsa takan dawo.

Yanzu sai mai karatu ya ɗauki alƙalami. Ƙwaya 3 a yini ta zama 90 a wata, ta zama 1,095 a shekara. Ya tambayi kuɗin guda ɗaya, ya ninka, ya dubi abin da ya fito, ya auna shi da kilo 2 ko 3 da za ta ƙara masa a kan abin da zai samu ta gyaran ci kaɗai.

Illar da ta fi yawa

Maiƙon da aka hana shiga jini ba ɓacewa yake yi ba, dole ya nemi hanyar fita, hanyar kuwa guda ce. Malaman fiƙihu sun koya mana cewa ba a jin kunyar bayani a wurin neman ilmi, saboda haka zan faɗi abin yadda yake. Mai shan wannan ƙwaya yakan ga bayan gidansa ya yi laushi, ya yi maiƙo da wari mai tsanani, da wani mai ruwan ɗorawa ko ja-ja yana yawo a bisansa kamar yadda man injin jirgi ke kwantawa a kan ruwa a bakin mashaya. Yakan ji matsuwa farat ɗaya wadda ba ta jira. Iska takan fita tare da ɗigon mai. Wani lokaci kuma man yakan tsiyayo da kansa ya ɓata wando ko zane, mutum bai sani ba sai ya tashi daga tabarma. Bayanin da kamfanin ya bayar da kansa ya nuna cewa a shekarar farko kimanin mutum 27 cikin 100 sun sami ɗigon mai a tufafinsu, 24 sun sami fitar iska da mai, 22 sun sami matsuwa ta gaggawa, kusan 8 kuwa bayan gida ya kuɓuce musu. Abin yakan soma bayan yini guda ko biyu da fara sha, yakan ragu ƙwarai a shekara ta biyu, ya kuma yanke kwana biyu ko uku bayan an daina. Lokacin da aka fito da Alli a Amurka, masu yin ta da kansu sun shawarci sababbin masu sha da su sa wando mai duhu, su kuma riƙe tufafin canji in za su wurin aiki.

Girman wannan illa yana bin yawan man da aka ci, kuma a nan ne abincinmu ke shiga magana. Masu maganin sun so kada maiƙon da ke cikin kowane ci ya wuce giram 15, watau kimanin babban cokali guda na mai, a haɗe da wanda ke cikin nama da kifi da miya. To, a dubi ƙosan safe, da wainar da aka toya da mai a kowane gurbi na tanda, da awara, da soyayyar tarwaɗa ta bakin kasuwar Yelwa, da shinkafa da wake da ake kwarara wa mai da yaji, da tsiren da aka shafe da ƙuli da man gyaɗa, da man shanun da ake zuba wa miyar kuka har ya taso. Wanda ya ci giram 60 a zama guda, abin da ba wuya ba ne a ranar suna ko walima, ya kuma haɗiye ƙwayar a kai, to fiye da babban cokali na tsurar mai ne zai bi hanjinsa yana neman mafita.

Sai a tuna da irin zamanmu. Bature mai shan wannan magani yana da makewayi a ofis da gida da tashar mota. Amma uwar gidan da ta shiga jirgin ruwa daga wani tsibiri ko tunga za ta cin kasuwar Wara ko ta Yelwa, tana zaune cikin maza da mata da buhuna har awa biyu ko fiye a tsakiyar tabkin Kainji, ina za ta nufa idan matsuwar ta zo? Haka malamin makaranta da ke tsaye gaban ɗalibai, da direban da ya ɗauki hanyar Kwantagora ko ta Jega, da mai awon kifi da ba ya iya barin tebur. Mutunci abu ne mai tsada, wanda kuwa irin wannan ta taɓa samu a bainar jama'a yakan daɗe yana jin nauyin shiga mutane.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi ga Musulmi, shi ne tsarki. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san cewa littafin Ishmawi da babin abubuwan da ke warware alwala ya fara, kuma tsarkin hadasi da na jiki da tufafi da wuri suna cikin sharuɗɗan salla. Fitar iska tana warware alwala, abin da ya fito gauraye da bayan gida kuwa najasa ne da ake wankewa daga jiki da tufa. Mutumin da ba shi da tabbas a kan wandonsa tsakanin Azahar da La'asar, ko yana cikin sahun Juma'a yana fama da waswasi, haƙiƙa ya shiga ƙunci. Gaskiya ne malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi bayanin rangwame ga mai lalurar da hadasi ke kuɓuce masa ba da ikonsa ba, amma hukuncin yana da tafsili gwargwadon yawan lokacin da abin ke ɗauka, don haka wanda likita ya ɗora a kan maganin ya je ya tambayi malaminsa, kada ya yanke wa kansa fatawa. A watan azumi kuwa, lokacin da buɗa-baki ya zama taron soye-soye, ga tsayuwar tarawihi da tahajjud da zaman tafsiri, sai an ƙara kiyayewa ninki biyu. A ganina, wanda ba ciwo ne ya kai shi ga wannan ƙwaya ba, son gyaran sura ne kawai, bai kamata ya sayi wannan ƙunci da kuɗinsa ba.

Illolin da ba a gani da ido

Akwai bitamin huɗu, A da D da E da K, waɗanda ba sa shiga jiki sai sun narke cikin maiƙo, saboda haka idan maiƙon ya wuce, wani kaso nasu yakan bi shi. Bitamin A shi ke kiyaye gani, rashinsa ne ke kawo dundumi, muna kuwa samunsa daga manja da hanta da ƙwai da ganyaye irin su zogale da alayyafo. Bitamin D na ƙarfin ƙashi ne, K kuma shi ke taimakon jini ya daskare idan an ji rauni. Don haka ake umartar mai shan orlistat ya riƙa shan ƙwayar bitamin kullum, ya raba tsakaninsu da aƙalla awa 2, mafi sauƙi lokacin kwanciya barci. Wannan ƙarin kuɗi ne da mai talla ba ya ambata. Saboda wannan dalili da wasunsa, mace mai juna biyu ba ta shan maganin ko kaɗan, mai shayarwa ma an hana ta, haka wanda hanjinsa dama ba ya tsotsar abinci sosai, da wanda ruwan maɗaciyarsa ya toshe.

Ƙwayar tana kuma shiga tsakanin mutum da wasu magungunan da rayuwarsa ta rataya a kansu. Tana iya rage ƙarfin maganin farfaɗiya har ciwon ya dawo, da magungunan da masu cuta mai karya garkuwar jiki ke sha kullum, da levothyroxine da ake ba masu matsalar maƙoƙo, da ciclosporin na waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Mai shan warfarin, maganin hana jini gudaji, yana iya gamuwa da zubar jini saboda raguwar bitamin K. Matar da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa kuwa, in gudawar ta yi tsanani, ƙwayar tazarar tana iya wucewa ba ta yi aiki ba. Mai ciwon sukari shi ma sai an sake auna masa maganinsa idan nauyinsa ya soma sauka.

Sa'an nan ga hanta da ƙoda. A watan Mayu na 2010 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da gargaɗi bayan ta tattara labarin mutum 13 da hantarsu ta lalace ƙwarai suna cikin shan maganin, 2 suka rasu, 3 aka yi musu dashen hanta. Adalci ya sa a faɗi cewa wannan adadi kaɗan ne cikin wajen mutum miliyan 40 da suka sha, kuma hukumar ba ta tabbatar cewa maganin ne sanadi a kowannensu ba. Amma mu mazauna bakin tabki muna da dalilin ƙarin taka-tsantsan, domin ciwon hanta mai yaɗuwa ta jini yana da yawa a ƙasarmu, da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba, ga kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwa, wadda iri guda nata ke zama a jijiyoyin hanji ya taɓa hanta. Wanda ya ga idonsa ya yi ɗorawa irin na shawara, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko jikinsa na ƙaiƙayi, ko ya daina sha'awar abinci, ko ciwo mai tsanani ya kama shi a saman ciki, ya ajiye ƙwayar nan take ya nufi asibiti. Maiƙon da ya saura a hanji yana kuma sa jiki ya tsotsi wani gishiri da ke taruwa ya zama tsakuwa a ƙoda, haɗarin kuwa ya fi ga mai ciwon ƙoda da wanda ba ya shan ruwa isasshe, abin da ke da sauƙin faruwa a zafin bazara.

Jabu da masu kama da ita

Duk abin da aka faɗa a sama game da maganin gaskiya ne, wanda aka san abin da ke cikinsa. A watan Janairu na 2010 an kama jabun Alli da ake sayarwa ta intanet a Amurka, aka tarar babu orlistat a ciki, sai wani magani mai suna sibutramine, wanda a cikin wannan shekarar aka janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Har yau ana samun wannan sinadari a ɓoye cikin wasu shayi da kofi na rage ƙiba da ake rubuta wa cewa tsantsar ganye ne. Wasu kuma maganin wankin ciki ne ko na sa fitsari, mutum ya hau sikeli ya ga ya ragu, alhali ruwan jikinsa ne ya zube. Akwai kuma ƙwayoyin da ake yi da ɓawon jatan lande da ƙaguwa, ana cewa suna kama maiƙo, gwaji kuwa bai nuna musu wani amfani mai yawa ba.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar magunguna a Nijeriya, saboda haka kwalin da ba lambarta, ko ba ranar lalacewa, ko aka ɓare shi ana sayarwa ƙwaya-ƙwaya a leda a bisa tire ranar kasuwa, ba abin sa wa a ciki ba ne. Lambar ma akan ƙirƙira ta, don haka wurin saye yana da muhimmanci kamar kwalin. Ga 'yan'uwa mata kuma akwai wata nasiha ta musamman. Wadda ta daɗe tana shan dexamethasone ko makamancinsa don ta yi jiki, har fuskarta ta kumbura, cikinta ya fito, ba maganin tare maiƙo take bukata ba, kuma kada ta yanke wancan farat ɗaya, domin yanke shi haka yana da haɗari ga rai. Likita ne zai rage mata shi mataki-mataki. Haka kumburin ƙafa da fuska da ke zuwa daga ciwon zuciya ko ƙoda, ruwa ne, ba kitse ba.

Wanda ya cancanci sha

Likitoci suna da mizani na gane ƙibar da ta zama cuta. Ana auna nauyin mutum da kilo, a auna tsawonsa da mita, a ninka tsawon da kansa, sa'an nan a raba nauyin da abin da ya fito. Misali, Hajiya mai kilo 90 da tsawon mita 1.6: idan aka ninka 1.6 sau 1.6 za a sami 2.56, a raba 90 da 2.56, ya ba da 35 da 'yan kai. Malam mai kilo 70 da tsawon mita 1.65 kuwa, nasa bai cika 26 ba. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, daga 25 nauyi ya soma yawa, daga 30 kuwa ƙiba ta tabbata. Ba a rubuta Xenical sai ga wanda ya kai 30, ko wanda ya kai 27 ko 28 yana kuma da ciwon sukari ko hawan jini. Ke nan Hajiya tana iya zama da likita su tattauna, Malam kuwa ba nasa ba ne. A Ingila ƙa'idar ita ce idan an yi wata 3 ana sha mutum bai rage kashi 5 cikin 100 na nauyinsa ba, sai a dakatar, don ba ta karɓe shi ba. Ga mai kilo 90, wannan kilo 4 da rabi ke nan.

Wanda ya ga lissafinsa ya haura, hanyarsa ita ce babban asibitin Yawuri ko asibitin da ya fi kusa da shi, a auna masa jini da sukari, a duba hanta da ƙoda, ya kuma faɗa wa likita duk abin da yake sha, har da jiƙo da tsimi. In an ɗora shi a kan ƙwayar, sharaɗin zama lafiya da ita shi ne ya rage mai ƙwarai, wannan kuwa abu ne da Allah ya sauƙaƙa mana a nan fiye da mutanen wurare da yawa, tun da ga giwan ruwa da karfasa ɗanye daga tabki, ana iya gasa su, ko a yi farfesu, ko a ci banda maimakon suya, ga wake da kuɓewa da rama da zogale da albasa. Sai a auna man miya da cokali a daina kwararawa daga kwalba, malmala uku ta koma biyu, fura ta koma yadda kakanni suka sha ta ba sukari, a kuma yi tafiyar ƙafa ta rabin awa a mafi yawan kwanakin mako, ko zuwa masallaci ne, ko gona, ko zagayen tsakar gida ga wadda ba ta fita. Shari'a dama ta hana israfi a ci da sha, ta kuma koyar da barin wuri a ciki domin ruwa da numfashi. Waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a gwajin Suwidin, da irin wannan gyara kaɗai suka rage nasu kilo 3.

Kafin darasi mai zuwa, kowane ɗalibi ya je ɗakin shan magani na unguwarsu ya nemi a auna masa nauyi da tsawo, ya yi lissafin nan da hannunsa a littafinsa. Ya kuma roƙi mai girki a gidansu ta ƙirga cokali nawa na mai ke shiga tukunya a yini guda, a raba da yawan masu ci, ya zo da amsoshin biyu a yi aikinsu a allo.